Baka Mai Yafiya

A Bagalam nake da rumfa,
ina gyaran keke da sarƙa,
hannuna baƙi da mai tun safiya.

Babana Tankari maharbi ne,
ya san dajin Baban Rafi
kamar yadda guga ta san rijiya.
Yanzu hannunsa rawa yake,
in ya ɗauki kofin shayi
rabi nasa, rabi na ƙasa, sai ya yi dariya.

Ɗan gidan Kalla ya dawo daga Turai
da wani baka mai gargare biyu,
ɗaya sama, ɗaya ƙasa,
igiyoyi sun sarƙe kamar zaren masaƙa,
ya kawo in ɗaure masa tsirkiya.
Kwana uku yana rataye a rumfata.
Na auna shi, na zana shi a kwalin sukari,
na ce sai na ƙera nawa, ko da tsiya-tsiya.

Na farko na yi shi gajere,
kamu ɗaya da rabi, da sifirin tsohuwar mota.
Gargarensa na goge su kamar ƙwai,
na matso da tsirkiya dab da mariƙi,
don gudu nake so, gudu kawai,
irin na yaron da bai san nisan tafiya.

Muka sauka Gulbi da la'asar,
ruwa ya janye, sai rairayi,
muka rataya buhun ƙaiƙayi a jikin gawo.
Na ja, na saki.
Kafin kunne ya ji ƙara ta wuce,
amma ta wuce buhun, ta shige ƙaya.
Ta biyu hagu. Ta uku ƙasa.
Ta huɗu har yau ban gan ta ba.

Baba ya ce, "Wannan ba baka ba ne, alƙali ne.
Ka numfasa, ya rubuta.
Ka murɗa wuyan hannu, ya rubuta.
Dubi nan: kibiya ta daɗe a kan tsirkiya.
Duk abin da hannu ya yi tana ji,
da shi za ta tafi, ba ta barin komai baya."

Na koma rumfa wata guda.
Na biyu na ba shi tsawo, kamu biyu cur,
dogon itace ba ya saurin karkata.
Gargare na bar su kusan zagayayyu,
na buɗe tsakanin mariƙi da tsirkiya taƙi guda,
na ɗaura sandar ƙarfe a gaba da noti uku
don ta danne masa zuciya.

Jan sa da nauyi da farko,
kamar tura amalanke a rairayin Gulbi,
sai can ya sake, ya yi sakayau,
har tsoho ya riƙe shi ba wuya.

Baba ya tsaya, hannu na kaɗawa,
na ga bakin kibiya na lilo.
Ya saki.
Ba tsakiya ba, amma buhu ya amsa.
Uku ya harba, faifai ɗaya zai rufe su.
Bai yi murna ba, ya ce, "Yana da nawa.
Gada za ta ji shi ta kauce.
Amma ya ga rawar hannuna bai faɗa wa kowa ba,
shi ke nan abin da ake kira yafiya."

Muna hawowa ya tsaya ya huta,
ya ce, "Kai ma na daɗe da kai a hannu.
Fushin nan naka nawa ne."
Ban amsa ba, na gyara ɗaurin kaya.

Lawali ɗana yana rumfa yana faci,
shekara biyu yana roƙon in bar shi
ya je Yamai ya koyi aikin lantarki.
Da dare na buɗe gwangwanin ajiya,
na ƙirga kuɗin mota sau biyu,
na ƙara jika ɗaya na ruwa a hanya.