Takalmin Hagu

Ni ne Arzika mai zare da basilla,
rumfata na bakin tashar Yelwa,
inda ƙaurin bandar kifi
ke bin rigar matafiyi kyauta.
Ban taɓa buga tamaula ba,
ƙafata guda ta gajarta tun yaye,
amma na san ƙafafun garin nan
kamar yadda liman ya san sahunsa.

Lantana ɗiyar Nomau mai fito
da fasasshen ƙwallo ta fara zuwa,
sannan da takalmin gwanjo na wani ƙato,
ta cusa tsumma ciki don ya zauna.
Na hagu ne kullum ke hangame baki
kamar tarwaɗa a kan tudu.
Sau bakwai na ɗinke shi.
A na bakwai fata ta ƙare mini,
na yanko marfin tsohuwar jaka
na yi masa maho.
Ta ce, Baba, rubuta, ɗari uku.
Na rubuta.

Rairayin Kwara ne malaminta.
In ruwa ya ja baya ya bar fili,
sanda biyu ta tuƙi su ne raga,
wanda ya doka cikin kogi shi zai yi iyo.
Baki ya yi abin da baki ya saba.
Nomau ya ce, wadda ta ƙetare igiyar ruwa da jirgi,
tsegumi ba ya kifar da ita.

Mota ta kai ta Birnin Kebbi,
wata ta ɗauka ta yi gaba,
shekara huɗu sai labari a bakin direbobi.
Rannan aka ce ƙungiyar mata ta ƙasa
ta kira sunanta.

Daren wasan, gidan kallon Ɗanjuma ya cika,
har masu cewa a'a sun biya kuɗin benci.
Aka yi taken ƙasa, ba ta cikin sha ɗaya.
Tana gefe, lamba ashirin da biyu,
ta haɗe gwiwa tana cizon yatsa.
Muna da ɗaya, su ba su da ko ɗaya,
zufa ta jiƙa mana wuya.

Saura minti goma aka ɗaga allo.
Ihu ya ɗaga kwano.
Kowa fuskarta yake nema,
ni ƙasa na duba.
Takalmi ruwan ɗorawa, ko ɗinki babu,
amma takun na nan,
tana danne gefen waje na hagu,
wurin da ya cinye mini zare.

Bugun kusurwa gare su.
Mai tsaron gida ta fito ta rasa,
ƙwallo ya nufi raga ba kowa,
sai janareta ya yi tari biyu
ya mutu.

Duhu.
Ba wanda ya zagi Ɗanjuma ma.
Ina jin kwaɗi daga fadama.
Can wani yaro da rediyo a kunne
ya ce da ƙaramar murya, an cire.
A kan layi.
Ashirin da biyu.
Na ce, da wace ƙafa?
Ya ce, Baba, ba su faɗa ba.
Na ce, bari, na sani.

Da safe samari suka kawo mini a waya.
Na ce su mayar aljihu,
wanda na gani cikin duhu ya ishe ni.

Da hantsi Nomau ya tsuguna a rumfa,
ya ƙirgo ɗari uku masu ƙarnin kifi.
Na tura masa abinsa.
Ba da kai na yi ciniki ba.
Tsohon takalmin na rataye a ƙusa,
sunanta na shafi na tara.
Ta zo da ƙafarta ta biya,
in ga yadda duga-dugan suka ci.