Minti Nawa Ne Littafi?

Shekara shida ina kiwon manhajar nan
kamar mai kiwon akuyar da ba tasa ba.
Ta san fim, ta san waƙa.
Jefa mata fayil, ta faɗa maka wanda ya rera,
da shekarar, da yawan mintinsa.
Littafi kuwa, ko sunansa ba ta taɓa ji ba.

Sai yana ta sauka a idon babana.

Eleuterio Aravena, da ya yi shekara talatin
yana ɗaga kwantena a tashar Valparaíso,
yana hango kullin igiya daga can saman ƙugiya,
yau jarida a hannunsa ta koma jerin tururuwa.
Littattafansa na kan kanta suna shan gishirin teku.
Ya ce, "Ximena, akwatin nan naki na fina-finai,
ba ya cin littafi ne?"

Na ce zai ci.
Baki shi ke yanka wuya.

Daren farko na zuba mata littafin laturoni ɗari uku.
Ta dube su, ta jera su cikin faifan waƙa,
ta manna wa tarihin wani yaƙin ruwa hoton mai kaɗa jita.
Marubuci guda ya fito mutum uku,
don wani ya fara da sunan mahaifinsa,
wani ya taƙaita, wani ya manta ɗigo.
Har asuba ina zaune
ina sasanta mutum da kansa.

Veikko, abokin aikin da ban taɓa ganin fuskarsa ba,
ya rubuto daga Oulu:
"Rumbun nan na kallo ne da saurare,
kada mu ɗora wa jaki kayan raƙumi."
Ban amsa ba.
Kwana biyu sai ga gyara ya turo, ba sallama,
wanda ke zaro bangon littafi daga cikin fayil.
Haka yake ba da haƙuri.

Amma abin da ya hana ni barci
wani ɗan gurbi ne da bai kai farce ba,
an rubuta masa: tsawo, a minti.
Manhaja ba ta karɓar kaya sai an cike shi.
To, minti nawa ne littafi?
Na sa shafi a madadin minti.
A wayata shafi ɗari biyu da sha ɗaya ne,
a allon Baba, inda harafi ya kai kan yatsa,
ya haura dubu biyu.
Littafin kuma ɗaya ne.
Na goge, na sake, na goge.
Daga ƙarshe na daina tambayar tsawonsa,
na koya mata ta riƙe abu guda:
inda mai karatu ya tsaya.

Ran Lahadi keken hawa tudu ya lalace,
na taka matakala har gida, allo a hammata.
Ya kanga shi kusa da hanci.
"Ƙara girma."
Na ƙara.
"Ƙara."
Sai da kalma biyar ta cika fuskar allon.
Ya karanta jimlar farko a bayyane, a hankali,
kamar mai sauke kaya mai fashewa.
Bai yi godiya ba. Ya ce in ɗora shayi.

Aiki bai ƙare ba.
Rubutun da ke farawa daga dama har yanzu juye shi take,
littafin waƙoƙi kuma ta cure baitocinsa wuri guda
kamar ragowar shinkafar jiya.
Ina nan ina fama.

Sai dai a kusurwar fuskar kwamfutata
akwai wata 'yar lamba da nake satar kallo.
Arba'in da ɗaya cikin ɗari.
Jiya, ƙarfe huɗu saura kwata na dare,
ina tsaka da farautar wani kuskure,
ta motsa, ta koma arba'in da biyu.

Ashe idonsa biyu, can kan tudu.

Na ɗauki waya, na ajiye.
Kofi ya huce.
Na koma kan kuskuren.