Uku da Ɗigo Bakwai

Shekara goma sha tara ina cinna wa albashina wuta,
kara ashirin a yini, in ranar ta zo da sauƙi.
Sai wata Laraba a tashar Pool Meadow
na nufi ɗakin direbobi, matakala goma sha biyu,
na tsaya a ta takwas, hannuna a bango,
ƙirjina na kuka kamar ƙyauren da ya manta da mai.
Tanimu ya wuce ni da kofin shayinsa, bai ce uffan ba.
Shirun nan ya fi zagi ciwo.

Kantin na kan titin Foleshill,
tsakanin mai gyaran waya da mai kifi.
Yaron kantin, Declan, da zobe a girarsa,
ya baje su kan gilashi kamar mai tallan agogo.
Wannan siririyar, in ji shi, danna ka zuƙa, iyakarta ke nan.
Wannan kuwa da abin murɗawa a gindinta,
kai za ka gaya mata yawan wutar da kake so.
Na ce, ashe yanzu har wuta ana yi mata mudu?
Fam talatin da biyar.
Na ƙirga a zuci: kwali biyu da rabi. Na biya.

Ya jero kwalabe, mangwaro, na'ana'a, kankana.
Na ce a ba ni mai ɗanɗanon taba,
kada in yi wa bakina ƙarya tun ranar farko.

Ya ce, zuba ka jira minti goma lagwani ya sha.
Ya ce, fara daga ƙasa.
Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa likita.

A cikin mota na danna sau biyar, ta buɗe shuɗin ido.
Na murɗa har ƙarshe, huɗu da ɗigo takwas,
ai ni ba yaro ba ne.
Zuƙa ɗaya.
Ƙaurin tsumma ya shaƙe ni har kunne,
na yi tari, na yi hawaye, na danne ham da goshi,
wata tsohuwa da karenta suka juyo suna kallona.

Nan na tuna fitilar ƙwan Iya Kande.
In na ɗaga lagwani don in ƙara ganin allona
sai ƙwan ya yi baƙi, ɗakin ya ƙara duhu,
ta miƙo hannu daga kan tabarma ta rage,
ko ido ba ta buɗewa.

Na koma uku da ɗigo uku: iska ce kawai, kamar gaisuwar maƙwabci.
Huɗu: tana yaƙushin maƙogwaro.
Kwana tara ina hawa ina sauka
kafin na tsaya a uku da ɗigo bakwai,
ɗumi kaɗan, tururi daidai baki.

Ba zan ce na tsinke igiya ba.
Na dai sauya ta da mai laushi.
Har yau hannuna na lalube aljihu yana neman ashana,
kuma daren da batir ya mutu a Tile Hill,
ruwa na zuba, babu fasinja ko ɗaya,
na ga wani yana busa tasa a ƙarƙashin rumfa,
na buɗe ƙofar bas, na sa ƙafa ɗaya waje.
Na daɗe a haka.
Ruwa ya cika mini takalmi, na koma kujera.

Sakina ta shinshina rigata ranar Asabar
ta ce, Baba, ina warinka ya tafi?
Kamar na ɓatar mata da wani abu.

Jiya na sake hawa matakalar nan.
Na tsaya a ta goma ina haki.
Tanimu ya zo wucewa da shayinsa,
ya dubi ƙafata, ya dubi sama,
ya ce, saura biyu.