Sandar Gora

Daren jiya ban runtsa ba.
Takardar asibiti na aljihun rigata,
ninki huɗu, har ta yi laushi don yawan buɗewa:
a dawo ran Laraba a sake hoton huhu.
Larabar nan na je ta sau ɗari ina kwance,
a wata na warke, a wata na mutu,
har na raba wa 'yata kujeru da bashin gida.

Da asuba na bi jirgin farko daga Chengdu
zuwa gindin dutsen Qingcheng.
Ba ibada ta kai ni ba.
Na ce ko ƙafa ta gaji, kai zai yi shiru.

A wajen matakala ta ɗari uku ya cim mini,
tsoho Kuang, ɗan dako,
buhun shinkafa a gaba, tukunyar gas a baya,
sandar gora na lilo a kafaɗarsa,
tana kuka kamar ƙyauren da ya manta da mai.
Ni da ba na ɗauke da komai sai takarda,
ni ke haki.

Ya dube ni a kaikaice.
"Kai kuma me ka ɗauko?
Kafaɗunka sun kai kunne."

Na ce, "Laraba."

Bai yi dariya ba. Ya juya sandar zuwa hagu.
"Shekarata ta fari na samo bututun ƙarfe,
na ce wannan dai ba ya lanƙwasa.
Bai lanƙwasa ba kuwa. Ni na lanƙwashe.
Gora in ta yi ƙasa, ƙyale ta ta yi ƙasa,
in ta taso, nan kake ɗaga ƙafa.
Rabin taku nauyin nawa ne,
rabin taku na iska ne.
Mai kokawa da lilo
sau biyu yake ɗaukar buhu guda."

Na ce, "Ba ka tsoron santsi?"

"Ina ji mana. Gwiwar nan kan riga ni ji.
Tsoro ai ba ya sallama.
Nakan matsa masa gefe mu hau tare,
sandar ce dai ba na ba shi."

A can sama, bayan ɗakin turare,
wata tsohuwa mai bin Tao, Miao suke ce mata,
gashi a ɗaure a tsakar ka da ɗan tsinke,
ta shanya ganyen magani a faifai tara.
Sai ga gajimare ya sauko, ya shige tsakar gida
kamar mai neman wani.
Ba ta yi tsaki ba, ba ta yi gudu ba.
Ɗaya bayan ɗaya ta kwashe,
na taran ya jiƙe, ta girgiza shi, ta ajiye.

Ta zuba mini shayi.
Na zaro takardar, na ce me Tafarkinku ya ce da wannan?
Ta riƙe ta nesa da ido, ta daɗe,
ta ninke ta yadda ta same ta.
"Ka je ran Laraba. Ka tafi da 'yarka, kar ka je kai kaɗai.
Yau dai Lahadi ce,
shayinka kuma na hucewa."

Na sha. Da ɗaci, sannan babu.

Ba zan ce na warke ba.
A gangare tsoron ya dawo, ya san hanya,
ya tarar da ni wajen wata 'yar gada.
Na matsa masa gefe.
Kuang ya wuce mu a guje, sanda ba kaya,
yana cin dafaffiyar masara,
gobe ma akwai buhu.

A jirgin komawa na jingina da taga,
takardar na nan, Larabar na nan,
kafaɗuna sun sauka daga kunne.
Mai shara ce ta tashe ni,
na wuce tashata da uku.