Riga a Bai-bai

Shekara ashirin ina taka keke a Zango,
ban taɓa barin kalmasa a waje ba
sai a rigar Mutari.
Ɗinki a waje, santsi a ciki,
don zaren da ni ba na ji,
shi ƙaya ce a wuyansa.
Masu wucewa su ce: tela, ɗanka ya sa riga a bai-bai.
In ce: yayin gidanmu ke nan.

Shekararsa tara. Bai taɓa ce mini baba ba.
In yana so na, sai ya kama gwiwar hannuna
ya ja ni, kamar mai jan ƙofa.

Na haddace ƙarar da ke cizonsa:
injin markaɗen maƙwabta,
kabu-kabu mai fasasshen salansa,
guɗa,
murfin tukunya in ya faɗi kan siminti.
Ya toshe kunne, ya kai wa bango goshi,
har bangon ya lotsa inda ya saba.
Zuwera ta kafa tsohuwar katifa a wurin.
Keken ma na fid da shi zaure,
ba na ɗinki sai ya yi barci,
kamar ɓarawon aikin kaina.

Farfaɗiya ba ta sallama.
A kwantar da shi kan haƙarƙari, in ji likita,
kada a sa masa komi a baki, a ƙirga.
Na taɓa ƙirgawa har ɗari biyu da sha ɗaya,
na manta me ke bin sha ɗaya.

Rabin ƙwaya da safe, guda da dare,
a niƙa cikin kokon da aka tace sau biyu,
a kofin nan shuɗi mai ɓallallen hannu.
In aka sake kofi, an yi asarar wuni.
Watan da farmasi ta ce babu,
na bi Dole, na bi Sabon Gari da takarda a aljihu,
sai wani direban Maraɗi ya taho mana da ita
ranar da ta rage guda a kwali.

Inna ta ce iska ce, ta kawo turare,
hayaƙin ya sa shi amai har asuba.
Likita ya faɗi wani suna da Faransanci,
na yi ta bitarsa a hanya,
kafin in kai gida ya zube.

A Damagaram, inda famfo kan kwana huɗu bai yi tari ba,
ɗana ruwa yake so.
Ba don ƙishi ba. Ya tsiyaya daga kofi zuwa kwano,
ya karkata kai yana saurare,
fuskarsa ta kwance kamar an warware ƙulli.
Jarka guda ta ƙari nake saye wurin ɗan garuwa.
An ce almubazzaranci ne.
Zuwera na tara abin da ya zuba, ta yi wanki.

Abin da ke hana ni barci ba kuɗin magani ba ne.
In ƙasa ta rufe mu,
wa zai san kofin shuɗi ne?
Na iske Barira, yayarsa, ta rubuta a bayan littafinta na lakkol:
kada a taɓa shi ta baya.
Ban san lokacin da ta fara lissafin ba.

Jajibirin sallar bara, an ɗauke wuta,
ina zaure da fitila da tulin shadda,
sai na ji numfashi a kafaɗata.
Na ɗage ƙafa daga keke.
Ya daɗe a tsaye.
Ya ɗora tafi kan ƙarfen juyi, ya murza da kansa,
sannu,
allura ta sunkuya, ta ɗago.
Bai toshe kunne ba.
Na zura masa gefen rigar Alhaji Brah,
ya yi taku goma sha bakwai, karkatattu kamar sawun tururuwa,
ya saki, ya koma wurin ruwansa.

Ban farke ba.
Alhaji ya je idi da su a ƙarƙashin hammata,
bai sani ba.