Maɓalli na Goma Sha Tara

Ɗan maƙeri ne kai, Mushe Barnaba,
shi ya sa akwatin bai ba ka tsoro ba.
Yara suka ce aljani ke nishi a ciki,
kai ka durƙusa, ka leƙa ƙarƙashinsa,
ka ce, "Af, ashe zuga-zugi ne!
Na babana wuta yake hurawa,
wannan kuwa waƙa."

Shekara arba'in da ɗoriya kana taka shi,
ƙafa na hawa, ƙafa na sauka, kamar masaƙi,
har katakon ya lotsa daidai dugaduganka.

An ce a Yamai Farfesa ake ce maka,
ɗalibai kan miƙe in ka shigo aji.
Mu dai a Maradi abin da muka sani,
tsoho ne mai alli a aljihun kwat,
mai tsai da ɗan kabu-kabu a tsakar gudron
don kawai ya shaida masa
odar babur ɗinsa ta sauka da rabin murya.

Da hutu, kai da rediyo mai kaset
kun sha hanyar Safo da Jiratawa.
Ka zauna a turmi, tsofaffin mata na niƙa,
suna dariyar namijin da ya zo roƙon waƙar dutse.
Ka dawo ka zana ta a layuka biyar,
ɗigo-ɗigo, kamar tsuntsaye a kan waya.
Ran Lahadi, da ka saka ta cikin Zabura,
Inna Rifkatu ta dafe ƙirji a benci na uku:
"Kai! Wannan ai muryar uwata ce."

In Ladan Mijinyawa ya ɗaga murya bayan katanga,
kakan ɗaga hannu, mu yi tsit.
"Ku saurara," in ji ka, "bai taɓa shiga aji ba,
amma bai taɓa kuskure inda zai fara ba."
Jiya ya zo ta'aziyya da goro a leda.
Ya daɗe a ƙofa, bai ce komai ba.

Ba waliyyi ba ne kai, kar in yi maka ƙarya.
Ka taɓa korata gida don na yi hamma.
Ka sa Saratu kuka ana jibi Kirsimeti,
ka bi ta da kilishi, ba ka ce "yi haƙuri" ba.

Ga kuma maɓallin nan, na goma sha tara,
wanda ɓera ya cinye wa harshe tun ban zo duniya ba.
In ka danna, iska kawai, fuu.
Ba ka gyara shi ba. Kewaye shi kake yi,
yadda mai keke ke kewaye ramin unguwarsu
ko cikin duhu.
Na tambaye ka dalili, ka ce,
"Kowace waƙa tana son taga."

Ran jana'izarka kuran ya ɗauke.
Sabon ogan mai waya ya yi shiru kamar tabarma.
Samari huɗu suka kinkimo tsohon daga ɗakin ajiya,
da saƙar gizo-gizo, da kashin ƙadangare.
Fasto ya dube ni. Kowa ya dube ni.
Na sa ƙafafuna cikin lotsin naka,
sun yi mini yawa, Mushe,
amma na taka, ya yi tari, ya numfasa.

Yanzu kuran ya dawo, ni ke zama a sabon.
Maɓallansa duka lafiya lau.
Sai dai duk Lahadi, in na iso na goma sha tara,
yatsana ya ɗaga da kansa, ya tsallake.
Ba wanda ya lura.
Nan nake jin ka.