Inuwar Bayan Shago

Kakata Zulmira ba ta taɓa hawa allon teku ba.
Shekara talatin da ɗaya tana ɗinke wa mahaya filafilansu
a Santa Maria, tsibirin Sal,
inda ƙasa ke haifar gishiri maimakon hatsi.

Takan ce: Ivandro, kada ka ji tsoron iska.
Iska 'yar kokawa ce, gaba da gaba take zuwa.
Rana ce ɓarauniya.
Ba ta ɓalle ƙofa, ba ta tari,
zama take a kan kayanka tana lasa
kai kana can kana cin soyayyen kifi.

Na ji.
Amma kunnen ɗan shekara sha bakwai rariya ne.

Filafilina na farko ja ne wur,
wani baƙo ya bar mini da zai koma gida.
Akwai taga a tsakiyarsa, garai-garai,
ta cikinta na taɓa hango kunkuru yana shan iska.
In na fito daga ruwa sai in yar da shi kan rairayi,
a ɗaure, a miƙe, fuska sama,
don duk mai wucewa ya tambayi na wane ne.

Wata biyar.
Jan ya koɗe ya koma ruwan shayi da madara,
tagar ta yi yana kamar idon kakata na hagu.
Ranar da teku ya cika ya batse a Ponta Preta
na ja shi da ƙarfina duka,
ya ce ƙas,
kamar ɓawon ƙwai.
Da iyo na dawo, ina jan tsumma.

Ba ta yi faɗa ba.
Ta murza ledar da yatsa biyu, ta marmashe.
Ta ce: allura na son abin da zai riƙe ta.
Yagewa nake ɗinkewa, yaro.
Wannan tsufa ne, ba ni da zarensa.

Yanzu na san lissafi.
Kowane filafili da adadin ranar da zai iya sha,
kamar kuɗin guzuri,
gara ya ƙare a kan ruwa da ya ƙare a kwance.
Ina sauka nake kwance shi.
Rabin bokiti na ruwan daɗi, ko da yake a nan saye muke,
in ɗauraye gishiri da yashi,
in shanya a bayan shago inda bango ke tare yamma,
in naɗe daga sama, a hankali, ba karyawa,
in zura a jaka.

Keken ɗinkin ya dawo hannuna bara.
Ita tana zaune a ƙofa, tana sauraren teku,
fatar hannunta ta yi sirara har ana ganin jijiya.
Duk lokacin da inuwa ta gusa
nakan tsayar da keke,
in tashi in matsar da kujerarta.